Rodos: rana ce ke tsara maka yawo

A tsibirin Rodos na ƙasar Girka, zafin rana da santsin dutse su ne suka tsara mini kowace fita, musamman a Lindos, garin da ke da nisan kusan kilomita 50 kudu da birnin Rodos. Bas ɗin KTEL, kamfanin motocin haya tsakanin garuruwa, na tashi daga kusa da kasuwar Mandraki a birnin Rodos, tafiyar kuma ta haura awa ɗaya. Na farko na kama, kuma shi nake ba kowa shawara ya kama. Tsohuwar ganuwar Lindos tana kan tsauni mai tsayin mita 116, babu inuwa a samanta, kuma kafin hantsi ya dubi ludayi motocin 'yan yawon buɗe ido sun juye jama'a, hanya ta cushe.

Matakalan sun sha taku har sun yi sulɓi, mai silifas sai ya zame. Takalmi mai ƙasan roba ake so, da ruwa aƙalla lita ɗaya da rabi ga kowane mutum. Akwai jakunan haya, amma ko ka hau, matakala ta ƙarshe da ƙafarka za ka taka ta. A gindinta ka tsaya ka dubi bayan jirgin yaƙin da aka sassaƙa a jikin dutse tun ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Masu gaggawa wuce shi suke yi, alhali ya fi ginshiƙan haikalin Atina, abar bautar tsoffin Girkawa, da ke sama burge ni, domin yawancin waɗancan sake tayar da su aka yi.

A hanyar dawowa na tsaya a Tsambika, ƙaramar coci a kan tudu mai matakala kusan 300. Matan da ke neman haihuwa kan hau, wasunsu ba takalmi, musamman a bikin 8 ga Satumba. Wurin ibadarsu ne: a rufe kafaɗa da gwiwa, a rage murya.

Kwarin Petaludes da ke yammacin tsibirin yana da lokacinsa, daga Yuni zuwa Satumba. Ƙamshin ƙaron wata bishiya ne ke jawo dubban malam-buɗe-littafi, su lulluɓe kututture da duwatsu. Idan suna zaune baƙi-baƙi ne masu zanen fari, sai sun tashi ake ganin jan fiffiken ciki. Wannan jan ne ke sa wasu tafi ko fito don su tashe su, kuma an hana. A wannan zangon rayuwarsu da kitsen da suka tara tun suna tsutsa suke rayuwa, duk tashin banza yana cinye shi, su mutu ba su kai ga yin ƙwai ba. Ka zauna shiru a gefen rafi, za su tashi da kansu.

Tsohon birnin Rodos, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1988, na bar shi sai bayan la'asar, lokacin da fasinjojin manyan jiragen ruwa suka koma. Fadar shugaban mayaƙan Saint John, wata ƙungiyar mayaƙan Kirista, tana saman titin da ke ɗauke da sunansu. Fashewar albarushi ta rushe ta a 1856, Italiyawa suka sake gina ta a ƙarshen shekarun 1930, saboda haka cikinta sabon aiki ne. Mayaƙan sun riƙe tsibirin sama da shekara 200 kafin Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya ya ci shi a 1522.

Masallacin da ke ɗauke da sunan Sulaiman, mai jan bango, yana saman titin Sokratus, amma ba a salla a cikinsa yau da kullum. Mai neman jam'i ya nufi masallacin Ibrahim Pasha, wanda aka gina a 1540, inda Musulmin garin ke Juma'a. Daura da na Sulaiman akwai ɗakin karatu na Hafiz Ahmed Aga, na 1793, mai rubutattun Alƙur'anai na hannu. Ka tambayi lokacin buɗe shi tun da safe, ka tsara yammacinka a kai.