Takardun Jami'a Biyu a Zauren Yaya

A shekara ta uku da komawarmu birnin Hustan na jihar Teksas a Amurka, inda maiɗakina take aikin jinya, ni kuma nake aiki a wani kantin kayan gyaran mota, 'yarmu ta fari ta zo ƙarshen sakandare da burin zama likita. A ƙarshen watan Maris jami'o'i biyu suka ba ta gurbi. Ɗaya mai zaman kanta ce a arewa maso gabashin ƙasar, irin wadda jin sunanta kaɗai yake sa mutum ya gyara zama, ɗayar kuwa ta gwamnatin jiha ce, tafiyar rabin awa daga gidanmu. Ana cikin haka aka aiko mini cewa Inna ba ta jin daɗi, sai na taho Jos da takardun biyu a jaka, ga kuma wa'adin 1 ga Mayu yana matsowa, ranar da aka saba ɗalibi ya tsayar da magana ya biya kafin alƙalami.

Bayan sallar isha'i na shimfiɗa takardun a gaban Yaya a zaurensa na Anguwar Rogo. Bai gama karanta ta farkon ba ya ce, "Alhamdulillahi, ai magana ta ƙare, a kai ta babbar." Ban ga laifinsa ba, domin ni ma da wannan fahimtar na sauka a Amurka. A nan gida wahalar tana bakin ƙofa: yaro ya ci JAMB da Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fizis, ya sami gurbi a Jami'ar Jos, ya yi shekara shida, ya ƙare a asibitin koyarwa na Lamingo, a kira shi likita. A can kuwa ba haka ake yi ba. Sai ɗalibi ya fara digirin farko na shekara huɗu a kowane fanni, ya haɗa da darussan kimiyyar da ake buƙata, ya zauna jarrabawar shiga makarantar likitanci da ake kira MCAT wadda makinta yake tsakanin 472 da 528, sannan ya nemi makarantar likitanci ta wasu shekaru huɗun, bayanta kuma akwai horo a asibiti na shekara uku zuwa bakwai. Cikin masu neman makarantar likitancin a kowace shekara, waɗanda ake ɗauka ba sa kai rabi. Takardun da ke kan tabarmar ba na karatun likita ba ne, na share fage ne kawai.

Daga nan muka shiga lissafi. Kuɗin babbar jami'ar, da ɗaki da abinci da littattafai, ya haura dala 80,000 a shekara. Sun yi mata rangwame mai tsoka, amma abin da ya rage a wuyanmu ya ninka na jami'ar jiha kusan sau uku. Ita ta jihar kuɗin karatunta wajen dala 12,000 ne ga mazauna jihar, matsayin da muka samu tun da muka cika wata goma sha biyu a Teksas, kuma yarinyar a gida za ta ci ta kwana. Lamunin da gwamnatin tarayya take ba ɗalibin shekarar farko da ke ƙarƙashin iyayensa dala 5,500 ne kacal, saboda haka sauran gibin da sunana za a ciwo shi, da ruwa a kai. Duk wannan kafin a kai ga makarantar likitancin, inda masu fitowa da bashi suke ɗauke da kimanin dala 200,000. Yaya ya ɗauki waya ya fara juya kuɗin zuwa naira, ya kai wani wuri sai ya kife ta a kan tabarma. Ya ce, "Kai, wannan ai gidaje ne a Rayfield. Kuma da riba?" Maganar ribar ita ce ta fi yi masa nauyi, kamar yadda ta daɗe tana hana ni barci.

Gaskiya ita ce zuciyata tana tare da babbar jami'ar, kuma ba don ɗakunan bincikenta ko shahararrun malamanta kaɗai ba, ko da yake waɗannan ba abin rainawa ba ne. Ina so in faɗi sunanta a wurin ɗaurin aure a Jos, in ga yadda fuskoki za su canza. Baƙo a ƙasar waje yana jin yunwar abin da zai nuna wa mutanen gida cewa tafiyar ba ta tashi a banza ba, musamman wanda ya bar ofis mai fanka ya koma ɗaga batirin mota a gaban kanta. Maiɗakina ce ta sauko da ni tun kafin in taho. Ta ga likitoci a wurin aikinta da suka fito daga jami'o'in da ba wanda ya san sunansu, ta kuma nuna mini cewa abin da makarantun likitanci suka fi dubawa shi ne makin digiri, da sakamakon MCAT, da awannin da ɗalibi ya yi yana hidima a asibiti, da shaidar malamansa. Asibiti kuwa ba abin nema ba ne a Hustan, domin Cibiyar Lafiya ta Teksas da ke birnin ita ce mafi girma irinta a duniya. Bugu da ƙari, dokar jihar ta ware aƙalla kashi 90 cikin 100 na guraben makarantun likitanci na gwamnati ga mazauna jihar, kuma kuɗinsu yana cikin mafi sauƙi a ƙasar.

Abin da ya gagari Yaya fahimta shi ne da na ce sai mun ji ta bakin yarinyar. Ya ce, "Kai ne uba, kai za ka biya, shawarar me kuma?" Na ce masa ita za ta sa hannu a takardar, kuma bashin gaba da sunanta zai fito. Ranar Asabar muka kira ta, ƙarfe takwas na dare a Jos, ƙarfe biyu na rana a can. Ta gaida Yaya, ta ce, "Baffa, na yi lissafin ni ma." Ashe ta zana shekaru takwas ɗin a takarda, har da abin da zai faru idan ta shiga aji biyu ta ga likitancin ba nata ba ne, kamar yadda yake faruwa da ɗalibai da yawa idan suka haɗu da Kemistiri mai wuya. Ta ce ta zaɓi ta jihar, amma muryarta tana rawa, kuma daga baya mahaifiyarta ta gaya mini kwana biyu ta yi ba ta fito falo ba.

Da na shiga ɗakin Inna na ba ta labari, ba ta tambayi dala ko sunan makaranta ba. Ta ce, "Takwarar tawa a gida za ta riƙa kwana?" Na ce e. Ta ce, "To, madalla," ta juya ta gyara filo.

Mun biya kafin alƙalamin saura kwana huɗu wa'adi ya cika. Yanzu tana aji biyu, tana zuwa hidima a wani asibitin yara duk ranar Laraba. Rigar sanyin da ta saya mai sunan babbar jami'ar a ranar da takardarsu ta iso har yau tana nan, kuma ita take sawa idan za ta ɗakin karatu da daddare.