Inda aka kwana kan na'urar yin kauɗa

Jama'a, ga inda muka tsaya da na'urar busar da tumatir da muke haɗawa a nan ABU, Samaru. Akwatin dai ya tsaya da ƙafafunsa. Mai walda ya gama nasa, an shafa wa kwanon da ke zuƙar zafin rana baƙin fenti, an ɗora gilashi a kai. Wannan ɓangaren 'yan makanikal ne, kuma sun yi shi tsaf.

Ni ɗan lantarki, rabona shi ne sola da batir da fanka, sai Arduino, wata 'yar ƙaramar kwamfuta da ke kunna fankar, wadda ke karanta zafi da laima ta wata na'urar awo mai suna DHT22. A kan fankar ne gardama ta kaure. 'Yan makanikal suna so a bar zafi ya hau iya hawansa kafin ta tashi, wai kada a yi asarar ranar da aka tara. 'Yar'uwarmu ta sashen injiniyan aikin gona ta ce sam. Kusan kashi 94 cikin 100 na tumatir ruwa ne, kuma in zafi ya zarce digiri 60 sosai, bayan yankan ne ke fara ƙeƙashewa ya kulle ruwan ciki. Ido zai ce ya bushe. A zuba a buhu, sai fumfuna. Ta tsaga yanka ɗaya da farce a gabanmu: waje kamar fata, ciki jiƙe sharkaf. Ni ma na sa baki da cewa DHT22 ɗin kansa ba ya karanta abin da ya wuce digiri 80.

Yanzu fanka na tashi ne da laimar cikin akwatin, kuma an faɗaɗa ƙofar fitar iska ta sama. 'Yar'uwar tamu ta aikin gona ce kuma ta dage a kawo sikeli. A ganina duk kayanmu babu mai amfaninsa, domin kilo 10 na ɗanye ba ya kai kilo 1 in ya bushe, kuma sai nauyi ya daina sauka za ka ce an gama.

Saura ragar da za a shanya tumatir a kai. Ta ƙarfen da muka samu ta fara tsatsa saboda tsamin tumatir, ta roba kuma muna tsoron zafi. Wanda ya san inda ake samun ragar da ba ta tsatsa a kasuwar Sabon Gari, don Allah ya yi mana kwatance kafin kakar tumatir ta wuce.