Yadda nake riƙe Lightning Bolt har lokacinsa ya yi

A wasan Magic: The Gathering, wanda Richard Garfield ya ƙirƙira, kamfanin Wizards of the Coast kuma ya fitar a 1993, babu katin da ya fi zama a hannuna kamar Lightning Bolt. Aikinsa a taƙaice yake: ka biya jan mana guda (mana shi ne kuɗin wasan, katunan ƙasa ke ba da shi), ka yi lahani uku ga abin da ka nufa, ko halitta ce ko shi kansa abokin karawarka. Shock ma mana guda ake biya masa, amma lahani biyu kawai yake yi. Wannan ɗayan da ya ƙaru ne ya sa nake zuba huɗu cif a tarina mai kati 60, iyakar abin da doka ta yarda ke nan.

Da yake katin nan-take ne, ana iya jefa shi ko a zagayen abokin karawa, kuma a nan duk daɗinsa yake. Wata rana na kara da mai koren tari, yana da halitta mai juriya biyu (wato lahani biyu ke kashe ta), ni kuma Bolt na hannuna da ƙasa ɗaya da ban taɓa ba. Na lura shi ma ya bar koren mana guda a buɗe. Da na riga shi jefawa, da sai ya amsa da Giant Growth, katin da ke ƙara wa halitta ƙarfi da juriya uku-uku, juriyar ta koma biyar, nawa ya tashi a banza. Sai na yi shiru. Ya kawo hari, na tare da tawa halittar, shi kuwa ya kasa haƙuri ya sauke Giant Growth ɗin. Kafin katin nasa ya fara aiki na aika Bolt. A dokar wasan, katin da aka jefa daga baya shi ke fara aiki, don haka halittar ta mutu tana da juriyarta biyu, Giant Growth ya rasa wanda zai hau. Kati biyu nasa suka tafi a kan ɗaya nawa. Tun daga ranar, kafin in taɓa Bolt sai na ƙirga ƙasashen da abokin karawa ya bari a tsaye, wato waɗanda bai yi amfani da manarsu ba.

Akwai dai inda ba na jira ko kaɗan. In ya buɗe wasa da Birds of Paradise ko Llanowar Elves, ƙananan halittun da ke ba da mana, take nake kashewa. Wasu na ganin asara ce a ƙona kati mai daraja a kan ɗan tsuntsun da ba ya ko duka. Ni ban yarda ba. Tsuntsun nan shi ke ba shi mana uku a zagaye na biyu, kuma na sha ganin wanda ya riƙe hannu mai ƙarancin ƙasa saboda ya dogara da shi. Yana faɗuwa sai ka ga mutum ya yi tsuru-tsuru, katuna cike da hannu ba halin saukewa.

Halittar Tarmogoyf kuma sai an yi hattara. Ƙarfinsa na bin yawan nau'o'in katin da ke maƙabartu ne (inda kowane ɗan wasa ke ajiye katunan da suka gama aiki ko suka mutu), juriyarsa kuma ta ɗara hakan da ɗaya. In yana da juriya uku alhali babu katin nan-take a maƙabarta, Bolt ɗinka ne zai zama na farko: yana gama aiki ya faɗa can, kafin a duba wa ya mutu juriyar ta riga ta zama huɗu. Ka ƙara masa ƙiba da hannunka ke nan. Shi ya sa nake leƙa maƙabartun biyu tukuna.

Sai batun dukan mutumin kai tsaye. Kowa na farawa da rai 20, amma a Modern, ɗaya daga cikin tsare-tsaren buga wasan, mutane kan rage nasu da kansu: ɗaya wajen nemo ƙasa daga tari, biyu wajen shigo da ita a tsaye. Muddin ransa na sama da goma kuma halittunsa ne ke barazana, Bolt na halittu ne. Da zarar ya sauko shida, ina da biyu a hannu, ba na ƙara kallon fili. Nakan bari ya kashe manarsa a nasa zagayen, musamman in mai shuɗin tari ne da zai iya soke min kati da Counterspell, in jefa ɗaya a ƙarshen zagayen nasa, in miƙar da ƙasashena, sannan in aika na biyun.