Alƙali ba ya tilasta a gaishe ki

'Yar ƙanwata aka saka watan jiya. Ko idda ba ta gama ba, amma kullum waya na hannunta, tana duba wa ya cire ta daga guruf ɗin dangin mijin a WhatsApp. Da na ji tana shirin zuwa gidan facalarta wai ta wanke kanta, gabana ya faɗi, don hanyar da na bi ke nan.

Lokacin da aurena ya mutu, da ƙafata na yi yawon. Gidan ƙanwar mijin, gidan gwaggonsa, har gidan abokinsa da ya karɓa masa aurena, ina rantse-rantse ina kuka. Za su ba ni tabarma da ruwa, su ce "sai haƙuri", kafin na isa gida maganata ta riga ni, an ƙara mata gishiri. Uwar mijin da na yi jinyarta a asibiti, ina wanke mata zane, muka haɗu a gidan suna ta kau da kai. Har yau ina ganin ina da hujja. Wa zai ji ana cewa shi ya kashe aurensa da rashin kunya ya zauna? Amma ƙawayena ma da ban yi musu komai ba sun rage gayyata ta, wai bazawara ce kar ta ɗauke musu miji. Waɗannan wane bayani zan yi musu?

To 'yan mata, ku ji. Abin da yake haƙƙinki, ki nema. Ciyar da 'ya'ya wajibin uba ne, in ya ƙi akwai kotun shari'a, akwai Hisbah. Kayan ɗakinki naki ne. Amma gaisuwa da fara'a da katin biki, babu alƙalin da zai karɓo miki su. Ki yi shiru.

Ko da yake shirun ma ba ko'ina ba. In aka taɓa mutuncinki da ƙazafi, ki gaya wa manyanki a tsaya a kai. Suratun Nur bulala 80 ta yanke wa wanda ya kasa kawo shaidu 4.

Abin da ke ƙona min rai da ku yaran yanzu, ni mutum goma suka ga hawayena, ku kuma kuna sa habaici a status ɗari biyu su kalla, su ɗauki hotonsa su tura wa mijin. Haba! Ki ajiye wayar nan ki ƙarasa iddarki.