Kafin ki haɗiyi ƙwayar rage ƙiba, ji yanda tawa ta kasance

Ƙannena mata, har da mazan ma dan yanzu kowa na fama da tumbi, akwai abinda na daɗe ina son faɗa muku. Lokacin ina karatu a Malesiya nauyina ya kai kilo 94, ga bikin ƙanwata saura wata uku, anko ya zo tela ya auna ni na dawo ɗaki na yi ta kuka. Washegari na je kilinik, likita ya auna tsawona da nauyina ya ce lissafin da suke cewa BMI ya haura 35, ya rubuta min Duromine mai miligiram 15, ƙwaya ɗaya da safe. Sinadarin ciki sunansa phentermine, tun 1959 aka amince da shi a Amurka, kuma dangin amfetamin ne, yana taɓa ƙwaƙwalwa ya kashe miki jin yunwa, shi yasa yake sa zuciya saurin bugawa ya ɗaga jini. Ba'a ba kowa. Sai wadda BMI ɗinta ya kai 30, ko 27 in tana da wata lalura irin ciwon suga, kuma na ɗan lokaci ne, yawanci bai wuce sati 12 ba.

Tun a kan kujerar likitan na fara kuskure wallahi. Ya tambaye ni ko jinina na hawa nace a'a, alhali sau biyu ana aunawa a gida ana ce min ya ɗan hau, Umma ma maganin hawan jini take sha shekara da shekaru. Ranar an auna ya fito daidai sai na yi shiru dan ina tsoron kar ya hana ni. Kar ki yi haka dan Allah. Mai ciwon zuciya, mai hawan jinin da bai daidaita ba, mai hawan jinin ido, wadda ƙullin nan na wuya da ake cewa thyroid ke mata aiki fiye da kima, mai ciki ko shayarwa, duk ba su sha. Wasu magungunan ciwon damuwa ma sai an yi kwana 14 da daina su. Likita ba ya sanin gaibu, abinda kika faɗa masa da shi zai yi aiki.

Sati biyun farko kilo uku suka sauka, daɗi ya kama ni, sai na ce to in ɗaya ta yi haka ai biyu za su fi. Na fara ƙara ɗaya da la'asar, ina kora ta da kofi saboda karatu, abinci kuwa sai in wuni da biskit biyu tunda ba na jin yunwa. Bakina ya bushe ƙamas har leɓena yana fashewa, bayan gida ya ƙi fita, faɗa da kowa ba dalili. Barci ya ƙaurace min gaba ɗaya. Na tuna wani dare wajen ƙarfe uku ina zaune a ƙasa na jingina da gado, fanka na juyawa amma gumi nake, na ɗora hannu a ƙirji ina jin zuciyata kamar ana daka a turmi, yatsuna na rawa na kasa ko danna waya. Ƙawata ce ta kai ni asibiti, ita ɗin da na ɓallo wa ƙwaya huɗu daga cikin nawa dan ita ma tana son ramewa, har yau in na tuna sai gabana ya faɗi, dan ban san me ke jikinta ba.

Bayan an tsayar min da maganin na dawo gida, kilon suka dawo har da ƙari, tunda ban canza komai a cin abincina ba. Sai na faɗa hannun masu tallan shayin rage ƙiba a Instagram, ba lambar NAFDAC ba komai, wai ganye ne zalla. Bugun zuciyar ya dawo a kwana uku. Daga baya na gane an sha kama irin waɗannan da sibutramine a ɓoye a ciki, maganin da aka janye daga kasuwar Amurka da Turai a 2010 saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Ni ban ce maganin likita ba shi da amfani ba, yana da shi ga wadda ta cancanta. In an rubuta miki ki sha da sassafe yanda aka ce, in kin manta ki bar ta ta wuce kar ki haɗa biyu, ki rage kofi da lemukan ƙara kuzari, ki ci abinci ko ba kya jin yunwa, ƙwai, wake, ganye, ki sha ruwa sosai, ki riƙa auna jininki kina komawa ranar da aka sa miki. In kin ji ciwon ƙirji, ko numfashi na yi miki wuya, ko ƙafa ta kumbura, ko kina neman suma, ki ajiye ƙwayar ki tafi asibiti a daren nan kar ki jira gari ya waye, ki tafi da kwalin a hannunki.