Darnin da gara ta cinye daga ciki

Aikin da ya fi kowane muhimmanci a lambun bayan gida idan kaka ta zo ƙarshe shi ne shinge. Taki da iri da gyaran fangali duk suna bayansa. Ina faɗar haka ne da zafin abin da ya same ni bara, wanda har yanzu bai gama hucewa ba.

Lambun nawa ɗan fili ne a bayan gidanmu, a gefen Kumbotso, da rijiya a kusurwarsa. Da ruwa ya ɗauke a watan Oktoba na yi abin da aka saba. Na tuge kuɓewar damina, na bar 'yan ƙwarara suka bushe a jikin uwa har suka fara tsagewa, na ɓare irin na zuba a kwalba da toka. Na tsinke zoɓo na shanya, na sassabe ragowar alayyafo da rama. Saiwar kuɓewa kam sai da na duba ta ɗaya bayan ɗaya, don in ka ga ta yi ƙulli-ƙulli, akwai tsutsar ƙasa a wurin, kuma tumatir ba zai yi daɗi a nan ba. Gefen da na ga haka na ware wa albasa. Tsofaffin itatuwan tumatir da gauta ban zuba su a ramin taki ba, ƙonewa na yi. Wanda ya ga abin da tsutsar Sharon ta yi wa tumatir a Kano da Kaduna da Jigawa a 2016 ba ya barin tsohon ganye ya kwana a lambu.

Duk wannan ya tafi daidai. Na zuba irin tumatir UTC da Roma a gadon reno wajen ƙarshen Oktoba, da latas da kabeji a gefe, na rufe da ciyawa har suka tsiro, sannan na yaye. Na dinga ban ruwa safe da yamma. Zuwa ƙarshen Nuwamba sun kai tsawon tafin hannu, kore shar, jiki da kauri. Fangali a shirye, takin awaki ya ruɓe ya huce. Dashe kawai ya rage.

Shingen darni ne na karan dawa, na shekarar da ta gabata. Ya sha damina yana tsaye, bai karkata ba, bai yi ɓaraka ba. Duk wanda ya dube shi zai ce lafiya lau yake. Ashe gara ta shiga ta ƙasa ta cinye cikin karan, ta bar ɓawon waje. Dirkokin ma ta ci gindinsu a cikin rami, inda ido ba ya kaiwa. A daidai wannan lokacin ne kuma aka gama yankan dawa, aka kwashe wake da harawa, mutane suka kwance dabbobinsu daga turke. Akuyar da ta yi wata da watanni a ɗaure, ta fito ta tarar ko'ina ya bushe, sai wuri guda da ke kore yana ƙamshin danshi, ina kake tsammani za ta nufa?

Na dawo daga aiki bayan la'asar na tarar darnin a kwance ta gefen gabas. Ba ƙaramin wuri ba, kusan taku biyar. Latas da kabeji babu ko alama. Tumatir an gutsure kawunansa, saura tsinke-tsinke, wanda ba a ci ba an tattake shi cikin laka. Na ɗauki kara ɗaya daga darnin na matsa da yatsu biyu, ya narke ya zama gari.

Na san awakin, na wata dattijuwa ce maƙwabciyarmu. Na je na gaishe ta na faɗa mata. Ta ce, "Ayya, yi haƙuri ɗana, Allah ya mayar maka da alheri. Amma ai an gama kaka, kowa ya saki nasa." Na ce, "Haka ne, Iya, ba komai." Kuma gaskiya ta faɗa. Da damina mai dabba ne ke ɗaurewa, da rani mai shuka ne ke killacewa, haka muka taso muka tarar. Duk da haka raina bai daina ɓaci ba, don unguwa ta cika yanzu, gidaje da yawa suna da 'yan shuke-shuke, kuma sakin garke guda ba mai bin sa abu ne da ya kamata a sake dubawa.

Kuɗin iri ba su ne suka dame ni ba. Lokacin ne. Tumatir a ƙasarmu ɗan sanyi ne. Yana yin kamar mako 4 a reno, bayan dashe ya ɗauki wajen wata guda kafin ya fara fure, kuma furen yana son darare masu sanyi na Disamba da Janairu kafin ya kama 'ya'ya. Idan zafin rana ya haura digiri 35, dare kuma ya ƙi sanyi, furen zubewa yake yi. A Kano kuwa daga Maris zafi ke hawa, a Afrilu ya kai wajen 40. Ga Sharon ita ma da zafin take ƙaruwa. Saboda haka wata gudan da awakin suka cinye, shi ne watan da ya raba tumatirin da zai cika kwando da wanda zai yi ganye kawai.

Na sake zuba iri a farkon Disamba. Hunturu ya riga ya sauka, ƙasa ta yi sanyi, tsiron ya yi ta nawa. Sai tsakiyar Janairu na dasa. Itatuwan sun yi kyau, sun yi fure da yawa, amma kashin farko ne kawai ya kama. Na biyu da na uku kullum da safe sai in tarar da su a ƙasa, rawaya-rawaya. Abin da ya ɗan fisshe ni shi ne dashen da na je na saya wajen manoman rani a Kadawa, kan hanyar Zariya, a makon da abin ya faru. Ragowar reno ne, wasu sun yi tsayi fiye da kima, na binne su da zurfi har kusa da ganyen farko. Su ne suka ba mu tumatirin miya a Fabrairu. Wanda irin wannan ya same shi, kada ya tsaya jiran sabon reno kaɗai. Ya nemi dashe a hannun masu shi tun a ranar.

Bana da shinge na fara, tun ban taɓa fartanya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tsohon darni ba a duba shi da ido, hannu ake sa wa a tura da ƙarfi, a girgiza kowace dirka, a tona gindinta a gani. Na cire nawa gaba ɗaya. Sabon kara ba ya samuwa sai an yanke dawa, wato daidai lokacin da ake sakin dabbobi, kuma wannan tazarar ce ke cutar mutane: reno ya riga ya tsiro, sabon kara bai iso ba, tsoho ya mutu a tsaye. Don haka na sa dirkokin darbejiya, na babbake gindinsu a wuta kafin in kafa, na zagaye da ragar waya, na binne bakinta a ƙasa saboda kaji da 'yan awaki masu kutsawa. Ta waje na jera ƙayar magarya. Da kara ya samu na ƙara darni daga gabas da arewa, wannan karon don ya tare iskar hunturu da ƙura, na kuma ɗaga shi kaɗan daga ƙasa yadda gara ba za ta same shi da sauƙi ba.

Gadon renon ma yana da nasa tsaron daban. Na lanƙwasa sanduna a kansa na lulluɓe da tsohon gidan sauro, wanda ke hana farin ƙuda mai kawo nannaɗewar ganye, ya kuma hana tsuntsaye da ƙadangaru. Iri kuwa kashi biyu na zuba, tsakaninsu kamar kwana goma, na biyun a cikin tsofaffin robobi a tsakar gida inda akuya ba ta shiga. A jikin ragar na dasa yankan bini-da-zugu, tunda dabbobi ba sa cin sa. Da an bari sai damina zai fi saurin kamawa, amma ina ba shi ruwa tare da fangali, kuma yawancinsa ya fara toho.