Godiya ga mutanen gidan da Gwaggo ta yi sauka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, ranar Asabar da ta wuce Gwaggo ta sauke Alƙur'ani. Yau kwana huɗu ina ɗaukar waya in fara rubuta godiya sai in ajiye, don duk wanda na tuna sai ya tuno mini da wani. Ba zan kama sunan kowa ba. Da yawanku kun roƙe ni kada in yi, kuma kowa ya san kansa.

Ga waɗanda ba su san ta ba, yayar mahaifina ce. Bagobira ce da tsagenta, Allah bai ba ta haihuwa ba, mijinta kuma ya rasu tun ina firamare. Tana zamanta a ƙauyensu cikin ƙasar Sabon Birni da awakinta da 'yar gonarta, ba ta neman komai wurin kowa, har 2021 da 'yan bindiga suka hana mutanen yankin kwana a ɗaki. Aka kawo mana ita Mabera, cikin garin Sakkwato, da ƙullin kaya ɗaya da buta. Ɗaki biyu gare mu na haya, ga yara biyar. Ni in tafi koyarwa, maigida ya tafi kasuwa, yara su tafi makaranta, a bar ta ita kaɗai daga safe har azahar ta wuce. Ba ta taɓa rasa abinci ba, amma a hankali ta daina magana. Matar da ake jin muryarta tun daga ƙofar gida ta koma sai dai ta ɗaga kai ko ta girgiza. Wata rana na dawo na iske ta a ƙasa kusa da bayi, hannun dama da ƙafar dama sun saki, ban san tun yaushe take nan kwance ba. Da aka sallame mu daga asibiti likita ya ce kada a ƙara barin ta ita kaɗai.

A nan ne wata maƙwabciyata ta gaya mini labarin gidan. Cikin tsohon gari yake, ba nisa da Hubbare inda kabarin Shehu ɗan Fodiyo yake, wani attajiri ya bar shi waƙafi, 'ya'yansa suka riƙe amanar suna ajiye tsofaffin da ba su da mai kula da su. Babu allon suna a ƙofa. Maza suna ɗakunan da ke kusa da zaure, mata suna cikin gida. Mutanen unguwa suna ce masa gidan gajiyayyu, sunan da har yau ba na so.

Ranar da na gaya wa Gwaggo can za mu kai ta, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ɗiyata, mi niy yi muku? Ni ba gajiyayya ba ta." Wannan maganar ta fi wata tana hana ni barci. Dangi ma ba su raga mini ba, har a zauren WhatsApp na zuri'a an rubuta cewa mun yasar da tsohuwa. Wanda ya rubuta bai taɓa kwana da ita ko dare ɗaya ba, amma na yafe masa, kuma na gan shi ranar Asabar yana ta hidimar jera kujeru, na gode. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Godiyata ta farko ga wadda ba za ta ji ta ba, Inna 'yar Wurno, abokiyar ɗakin Gwaggo. Makon farko Gwaggo bango take fuskanta, ko an kawo kunu ba ta juyowa. Mu muna ta lallashi, Inna kuwa ba ta lallashe ta ba. Rana ta takwas ta jawo kwandon auduga ta dire mata a gefen katifa, ta ce, "Wanga gida ba a cin tuwon banza. Tashi ki hidda min angurya, ni ka kaɗi." Gwaggo ta ce hannunta ya mutu. Inna ta ce ai guda biyu Allah ya ba ta. Haushi ne ya tayar da ita zaune, ta fara tsintar angurya da hagu tana mita, bayan 'yan makonni sai ga yatsun dama sun fara kamawa. Daga baya ma'aikaciyar jinya ta ce mini irin motsa yatsun da za a sa ta yi a asibiti ke nan, bambancin kawai a nan ba ta san magani ake mata ba.

Sai da na riƙa zuwa na gane yadda gidan yake tafiya. Kowa da abin da ake jira daga gare shi. Bayan asuba da azkar a sha kunu, hantsi na yi a shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin dogon yaro. Mai kaɗi ta ɗauko mazarinta da alli, mai saƙar faifai ta jiƙa kabarta, wadda idonta ya tafi a ba ta tsinkar zogale ko ɓarar gyaɗa. Abin da aka sayar na zare da faifai suna zuba adashe da shi a tsakaninsu, kuma kada ku so ku ga yadda ake bin bashin zubi a wurin nan, ko 'yan kasuwar Kara albarka. A ɓangaren maza akwai wani tsohon baduku da har yanzu yake ɗinka jakar fata da kube, in ka zauna sai ya ba ka tarihin jar akuyar Sakkwato da yadda fatarta take ƙetare Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. La'asar na yi a tona gurabun dara talatin a ƙasa, kowa ya ɗauki 'ya'yansa goma sha biyu, daga nan sai magariba ta raba su, wani lokacin ma ba ta rabawa sai an yi da gaske. Rediyo kuwa ba ya mutuwa. Gardamarsu ba ta wuce ta shekaru: wa ya girmi wa, wa ya yi wayo kafin a canja kuɗi daga fam zuwa naira a 1973, wa ya taɓa ganin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da idonsa cikin shekara hamsin da ya yi yana sarauta, daga 1938 zuwa 1988. Babu mai takardar haihuwa a cikinsu, da irin waɗannan ake ƙirga.

Cikin irin wannan gardamar maganar karatu ta taso. Gwaggo ta ce an yi mata aure shekarar da aka kashe Sardauna, 1966, kuma a lokacin allonta yana Yasin. Tun ranar da aka kai ta ɗaki ba ta sake riƙe allo ba. Maganar ta kai kunnen Malam, wani dattijo Bafillace mazaunin gidan, wanda ya yi shekaru da makarantar allonsa kafin ciwon suga ya raba shi da ƙafa ɗaya. Ya aiko a tambaye ta ko tana so ta ci gaba. Ta ce a gaya masa Bagobira ba ta ƙara yarda da Bafillace tun abin da aka yi a Alkalawa, birnin Gobir da mayaƙan jihadi suka ci. Ya ce a gaya mata wancan tun 1808 ne, kuma ko a lokacin da karatu aka fara zuwa musu, su ne suka ƙi zama. Washegari ta sa aka sayo allo.

Allah gafarta Malam, ban san da bakin da zan gode maka ba. Shekara uku da 'yan watanni kana zama a bakin ƙofar tsakiya kan kujerarka, mata biyar suna daga ciki, kana biya wa kowace nata. Tumuni ɗaya sai ya ɗauki Gwaggo kwana uku, wani lokacin mako, ba ka taɓa ɗaga murya ba, sai dai ka ce a sake. Allah ya saka maka da Aljanna.

Ina godiya ga 'yan matan Islamiyyar unguwa da suke zuwa da yamma su rubuta mata allo, don hannunta ba ya iya riƙe alƙalami. Wankin allon kam ba ta yarda kowa ya yi mata. Ina godiya ga likitocin ido da suka zo duba mutanen gidan kyauta suka gano yana ce ta rufe mata ido, aka yi mata aiki. Ranar da aka cire bandeji abin da ta fara cewa shi ne ashe na tsufa haka ban gaya mata ba. Ita ma ma'aikaciyar jinyar gidan, Bayarabiya haifaffiyar Sakkwato, Allah ya biya ki. Ke ce mai auna hawan jini, ke ce mai bin kowa da ƙwayar magani, ke ce kika koya wa masu aikin dare su riƙa juya waɗanda ba sa iya tashi duk bayan awa biyu don kada gyambon kwanciya ya kama su. Kuma da yake Gobirawa da Yarbawa abokan wasa ne, ke kaɗai kike iya ce wa Gwaggo baiwarki a gaban jama'a ki kwana lafiya. Rabin maganin da ta sha, cikin zagin wasa ta haɗiye shi.

Ba zan manta da azumin 2024 ba, da ya faɗo cikin Maris da Afrilu. Duk wanda yake Sakkwato ya san zafin da aka sha, ga babu wuta. Tsofaffi ba sa jin ƙishirwa da wuri kamar mu, sai jiki ya bushe ba su sani ba, kuma hana irin su Gwaggo azumi sai da Malam ya sa baki da hujja. Matasan unguwa suka riƙa fito da katifu tsakar gida kowane dare su mayar da asuba. Wani bawan Allah ya kawo sola da fankoki, ya ce in aka faɗi sunansa zai zo ya kwashe abinsa. Masu kabu-kabu biyu suka ɗauki nauyin kawo ƙanƙara kullum kafin shan ruwa. Allah ya shayar da ku daga Alkausara.

Inna 'yar Wurno ta rasu cikin hunturun da ya wuce, saura wa Gwaggo izu bakwai. Ita ma tana cikin masu karatun, allonta yana nan rataye da rubutun ƙarshe, babu wadda ta iya wanke shi. Samarin da suka ɗauke ta zuwa makwancinta, ba danginta ba ne ko ɗaya, na gode muku. Gwaggo ta ajiye karatu kusan kwana arba'in, ta koma fuskantar bango, na ce shi ke nan mun koma gidan jiya. Sai uwar adashe ta zo ta gaya mata cewa tun kafin ta kwanta ciwo Inna ta ce a riƙe kwasarta, a sayi akuya da ita ranar saukar Bagobira. Jar akuyar da aka yanka ranar Asabar, ita ce.

Da safen ranar muka kai matan ziyara Hubbare a keke napep uku. Da muka dawo Malam ya yi ɗan jawabi, ya tuna mana cewa Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864 kuma kabarinta yake nan Hubbaren, manyan mata ta riƙa zaɓa ta naɗa su jaji, ta ɗora musu malfa, su shiga ƙauyuka suna karantar da 'yan'uwansu mata, su ne 'Yan Taru. Ya ce don haka tsohuwa da allo ba baƙon abu ba ne a garin nan. Aka miƙo allon zayyana. Ya biya Fatiha ta bi, aka juya allo ya biya farkon Baƙara ta bi, muryarta tana rawa amma ko wasali ɗaya ba ta ci ba. Da hannun daman nan da ta ce ya mutu ta riƙe allon. Ni dai ban ga ƙarshen ba, mayafina na kan fuskata.

Matan unguwa da suka kwana suna suyar masa da dafa shinkafa, masu dama fura, wanda ya ba da aron rumfa da kujeru, abokan aikina malamai da suka yi karo-karo, mai unguwa da limamin da suka zauna har aka shafa fatiha, 'ya'yan mai waƙafi, da maigidana da bai taɓa cewa zirga-zirgar ta yi yawa ba: Allah ya saka wa kowa da alheri, ya jiƙan magabatanku.

Akwai magana ɗaya da zan yi, a yi haƙuri da ni. Masu zuwa da buhun shinkafa da mai ɗaukar hoto, a jera tsofaffi a rana a ce su ɗaga hannu, don Allah a daina. Shinkafar tana da amfani, ba a raina ba. Amma na ga yadda Inna, Allah ya jiƙanta, take shigewa ɗaki ta saki labule duk ranar da ta ji an ce baƙi sun zo da kyamara. In kun zo ku zauna a tabarma ku sayi faifai, ku bari baduku ya ba ku labarinsa ko da kun taɓa ji. Baba mai dara ya ce in sanar cewa ya gaji da cinye mutum uku kullum, yana neman baƙon hannu, kowace rana bayan la'asar ban da Juma'a.

An bar murfin kula biyu, da takalmin yaro ƙafa ɗaya, da wani carbi baƙi mai dubu, suna wurin mai gadi. Wanda kuma zai biya ta kasuwa kafin Asabar ya taimaka ya riƙo mana allo madaidaici, marar nauyi. Gwaggo ta ce na zayyana ba a wanke shi, tsohon kuma ya tsage, ga shi Malam ya ce ranar za ta faro daga Baƙara.

Wassalamu alaikum.